Injin da Ya Haɗiye Gangar Tanimu

Ana saukowa daga masallacin Juma'a aka tarar an ɓalle ƙofar baya ta situdiyon Mas'udu a Daudawa. Kafin a aiko a kira ni, rabin gari ya riga ya je ya gani da ƙafafunsa, wato duk abin da ɓarawon ya bari a ƙasa sun bi sun tattake shi tas. Haka suke yi kullum. Sai sun gama ɓata wuri sannan wani ya tuna akwai Mani.

Ni ne Manin. Shekara talatin da wani abu ina bin sawu, daga Yankara har Sabuwa, har cikin dajin Kankara lokacin da dajin yake shiguwa. Shanu na fi bi, sai awaki, sai mijin wata sau ɗaya. Yanzu masu kora shanu sun daina ɓoye sawu, kowa ya san inda suka bi kuma ba mai bi, don haka aikina ya koma kan buhun taki da injin ban ruwa.

Na isa na tarar ana ta surutu a ƙofar shagon.

"Lokacin sallah aka yi ta," in ji wani tela.

"To wa ke yawo lokacin sallah?" in ji wani.

Kawuna suka juya yamma, wajen gidajen gona na mutanen da ba sa zuwa masallaci. Mai unguwa Audi yana ta ɗaga hannu yana cewa a yi hankali da baki, ba mai saurarensa.

Mas'udu na samu a ciki, zaune a ƙasa, ya jingina da bangon da ya lilliƙe da kwalin ƙwai. Shi ke haɗa wa mawaƙan biki kiɗa, haka ma masu waƙar coci, duk wanda ya zo. Ya kai talatin da biyu, amma ranar idonsa kamar na wanda aka kora daga makaranta.

"Mi aka ɗauka?" na ce.

"Samfila, Baba Mani."

"Yi mani Hausa."

Ya yi mani. Tsohon inji ne da ya girme shi, girmansa kamar ƙaramar akwatin ƙarfe, da maɓallan roba goma sha shida a kansa. In aka buga ganga a gabansa sai ya haɗiye sautin, mai shi ya yanka bugu ɗaya-ɗaya ya ajiye kowane a ƙarƙashin maɓalli, daga nan da yatsa ake kiɗan. A Kano ya saye shi, wurin wani da ya mai da shi abin ɗora ƙafa. Ya fara yi mani bayanin yadda injin ke ba ganga wani kauri da kwamfuta ba ta iyawa, na ce masa ban tambaya ba.

"Ba injin ba ne, Baba. Abin da ke cikinsa ne."

Kwana goma da suka wuce ya samu Baba Tanimu, makaɗin gangar noma na gidajen yamma, ya yarda ya zo ya buga masa. Shekara biyu yana bin tsohon kafin ya yarda. Bugu goma sha shida ya ɗauka, kowane da hannunsa daban. Da ya zo kwashe su a faifai, sai bakin faifan ya cije ya ƙi aiki. Bayan kwana uku Tanimu ya kwanta bai tashi ba. Shi kuwa irin wannan inji ba ya riƙe komai in wuta ta ɗauke, ko na ƙiftawar ido ne. Don haka tun ranar yake kunne, a jikin batirin da sola ke ciyarwa daga saman kwano, ana jiran mai gyara da zai zo daga Kano gobe Asabar.

"Mi ya hana ka ɗauka a wayarka tun ranar?"

"Waya tana kashe ƙasan sautin."

Na dube shi. Wallahi haushi ya ba ni. Wannan irin wauta sai mai ilimin abu ke iya yin ta.

"To ai shi ke nan," na ce. "An cire, ta tafi."

"Ba a cire ba." Ya tashi ya nuna mani igiyar wuta guda da ke reto daga rufi. "Wannan kaɗai aka yanke, mai zuwa daga sola. An tafi da batir, da inbata mai juya wa injin wutar batir, da lasifikar kunne, duk a haɗe. In ba a zare komai a hanya ba, shina da rai har wajen magariba."

Na kama bakin igiyar na duba. Yankan a karkace yake, da ɗan tsatsa a jiki. Na leƙa waje na dubi rana. Ƙarfe uku ta gota.

*

A bayan shagon abu biyu kawai jama'a suka rage mani. Na farko tabon bakin fartanya a jikin katakon da kwaɗo ke rataye, wanda bai gaya mani komai ba, don a Daudawa wanda ba shi da fartanya sai jinjiri. Na biyu sawun babur can gindin taga, tayar baya da faci.

Mas'udu yana gani ya ce, "Abdulganiyu ne. Wallahi shi ne. Sau huɗu shina tambayata in sayar masa."

Sawun ya yi mani kama da na jiya, don yayyafin asuba ya ɗan tsattsaga shi. Amma in mutum ya zo jiya ya leƙa, yana iya dawowa yau ya ɗauka. Muka tafi da mai unguwa.

Abdulganiyu shi ne mai sa kiɗa a bukukuwa, shagonsa na bakin kasuwa, da janareta a ƙofa. Muka same shi yana cin rogo da ƙuli. Bai ko tashi ba, sai da ya ga Audi.

"Na je jiya," in ji shi. "Na tsaya ta taga ko zan ji shina gwadawa. Laifi ne? Wanga mutum ya ɗauki gangar Baba Tanimu ya rufe a ɗaki kamar tuwon gidansu."

"Yau fa?" na ce.

"Baba Mani, da ni na ɗauka, da tun daga tasha kun ji shi. Ni ban iya ɓoye kiɗa ba."

"Ina kake lokacin huɗuba?"

Ya nuna mai unguwa da guntun rogo. "Ku tambayi Baba Audi wa ya taka masa riga a sahu na biyu."

Audi ya duba gefen rigarsa, ya ga shatin ƙafa har yanzu yana nan. Ya yi tsaki ya ce shi ne, marar kunya. Rabin sa'a muka zubar a nan, Mas'udu yana ta duban sama kamar mai jiran hadari.

*

Muna fitowa muka ji ihu wajen famfon burtsatse. Matasa sun kama Ɗanlahadi, ɗan marigayi Tanimu na fari, sun zaunar da shi a ƙasa. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, shi ke koyar da waƙa a cocinsu. Hajaratu mai awara ce ta ce ta gan shi lokacin sallah yana sauri ta bayan shagon yana waige-waige.

"Da kaya a hannunsa?" na tambaye ta.

"Ban lura ba."

"Hajaratu, batir ne da inji. Ba goro ba ne da za a sa a aljihu."

"To ni dai na gan shi," ta ce, ta koma kan kaskonta.

Audi ya kori matasan da sanda, muka shigar da Ɗanlahadi zauren wani gida. Kafin in fara, Mas'udu ya ja ni gefe ya gaya mani abin da ya kamata ya gaya mani tun farko. Ranar da ya je gaisuwa, Ubale, ƙanin marigayin, ya tare shi a tsakar gida. A gidansu Tanimu, in makaɗi ya mutu, ran kwana bakwai ake tsaga fatar gangarsa, ba a ƙara jin hannunsa. Haka suka yi wa ubansu, haka suka yi wa kakansu. Ubale ya ce ya ji labarin akwai gangar a cikin wani inji, to a kashe shi. Mas'udu ya ƙi. Ubale ya tambaye shi yadda abin yake ci yake sha, shi kuma gogan naka ya tsaya a tsakiyar gida ya yi bayani dalla-dalla da murya sama: ga igiyar da ke saukowa daga rana, ga wadda ke riƙe da ran injin, in ƙaramar fitilar nan ta mutu ganga ta tafi. Ubale ya rantse ran bakwai, in ya gama da fatar, zai zo gari ya finciko igiyar da hannunsa.

"Yau ne bakwai ɗin," in ji Mas'udu.

"Na iya lissafi," na ce masa.

Na koma na tsuguna gaban Ɗanlahadi. Ban buɗe baki ba ya riga ni.

"Ni na ɗauka, Baba. A kai ni inda za a kai ni."

Mas'udu ya zabura zai cafke shi, na tare shi da sanda.

"Madalla. Ina ka kai?"

Ya kau da kai, na ƙara masa wata.

"Da mi ka yanke igiyar?"

"Da wuƙa."

"A mi ka ɗauki kayan?"

"A ka."

"Duka biyun? A haɗe? Ka ratsa gari da batir a ka, Hajaratu ba ta lura ba?"

Ya sunkuyar da kai. Igiyar nan da lauje aka yanke ta, ko makaho ya shafa zai sani. Na dubi ƙafarsa, ƙatuwa kamar faranti, cikin takalmin taya. Mutumin nan bai ɗauki komai ba. Wani abu ya gani, ko wani abu ya rasa a gida ya biyo shi gari, kuma ya gwammace a yi masa dukan ɓarawo da ya faɗa.

Audi ya ce a raɗe, "Don ƙanin ubansa yake yi. Ubale ne."

Na yi tunanin haka ni ma, na ɗan lokaci. Amma mai son kashe abu ba ya ɗaukar masa abinci. Ubale da ya shiga ɗakin nan, fizga ɗaya zai yi ya fito yana kakkaɓe hannu. Wanda ya yi wannan aiki so yake fitilar ta ci gaba da ci.

Na ce a riƙe mani Ɗanlahadi a zauren, kada wanda ya taɓa shi. Aka kira la'asar.

*

Bayan la'asar ƙasa ta fi magana. Rana in ta karkata, kowane ɗan rami yana samun inuwarsa. Na koma bayan shagon ni kaɗai, na kori wasu mutum biyu da suka biyo ni kallo.

Ƙofar ta kwano ce, waje take buɗewa. Da jama'a suka zo sun tura ta har ta manne da bango, ta rufe wani ɗan fili da bai fi tabarmar sallah ba. Nan kaɗai ƙafarsu ba ta kai ba. Na jawo ƙofar a hankali.

Shatin silifa biyu ne, ƙanana, inda aka ajiye su a jere kai da kai, duddugen na hagu ya cinye. Daga nan sai tafin ƙafa tsirara, mai faso, taku biyu. Sai shatin gwiwa biyu a cikin danshin ƙasa, da na yatsun hannu ɗaya a gabansu. Ba a tsakiyar ƙofa ba, a gefe.

Na daɗe a tsugune a wurin. Na ga ɓarawon da ya tuɓe takalmi don kada a ji motsinsa, wannan ba sabon abu ba ne. Amma shi a hannu yake riƙe su, ko ya rataya a wuya. Ban taɓa ganin wanda ya ɓalle ƙofa da fartanya, sannan ya jera takalmansa, ya durƙusa ya gaida ɗaki kafin ya shiga ba.

Saura ya zo da sauƙi. Bayan dalbejiya an ɗaure jaki, ga kashinsa bai gama bushewa ba. A hanyar yamma sawun jakai ya fi ashirin, amma guda ɗaya ne takunsa gajere, kamar ana riƙe shi, kuma silifan nan suna manne da gefensa na dama ba su taɓa matsawa ba. Inji a ɓangare ɗaya na mangala, batir a ɗayan, igiya ta haye gadon bayan jakin, mai shi ya dafe ta da hannu tun daga Daudawa. Da suka iso kwazazzabon da kowa ke tsallakawa, sai suka zagaya ta gonar dawa, hanyar da ta ninka tsawo. Haka ake tafiya da marar lafiya.

Na dawo da sauri iyakar yadda gwiwata ta yarda. Na ce wa Audi ya taho da Ɗanlahadi da Mas'udu, a kira Abdulganiyu ya kawo babur, a nemo wani babur ɗin kuma. Abdulganiyu ya ce shi mi ya haɗa shi, na ce janaretar shagonsa za mu jona injin in mun dawo da shi.

*

Rana ta yi ja muka isa gidan Tanimu. Masu zaman bakwai sun watse, sai tulunan da aka kife da wasu tsofaffi biyu a gindin ɗorawa. A ƙofar ɗakin marigayin ga gangar a kwance, babba, baƙa don tsufa, an tsaga fatarta daga baki zuwa baki. Ubale yana zaune kusa da ita a kan turmi, dogon tsoho mai jan ido. Can gefe jaki na ɗaure, gumin mangala bai bushe a bayansa ba.

Muka gaisa, muka yi gaisuwar rashi. Sannan na sa kowa ya tsaya inda zan gan shi.

"Abdulganiyu ya so injin nan," na ce, "amma shina masallaci shina taka rigar mutane. Ɗanlahadi ya ce shi ya ɗauka, amma bai san da mi aka yanke igiyar ba. Ya duba ne ya ga ba jaki a gida, ya ga ba wani a gida, ya biyo gari nema. Ko ba haka ba?"

Na juya wajen tsohon.

"Saura kai, Ubale. Ka rantse gaban mutane za ka je."

Ubale ya dubi gangar, ya dubi hannunsa.

"Na rantse," ya ce. "Da hantsi na tsaga wagga. Tare muka ɗaure fatar nan da shi, shekara tara ke nan. Da na gama sai na ji ba ni iya yi sau biyu. Na ce yaron can shi riƙe abinsa, ni ban gani ba, ban ji ba. Ba ni da niyyar zuwa ko'ina."

Wani abu ya faɗi a bayan zana, kamar ƙwarya.

"Na sani ba kai ba ne," na ce. "Wanda ya shiga ɗakin Mas'udu ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya durƙusa a gefe ya yi gaisuwa. Ba injin ya gaisar ba. Mutum ɗaya ne a duniya ke shiga wurin Tanimu haka." Na ɗaga murya kaɗan. "Uwar Ɗanlahadi, a gafarce mu. Lokaci ne ba mu da shi."

Kulu, matar marigayin, ta fito. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta haura sittin, da damatsan wadda ta yi noma duk rayuwarta. Tana cikin zaman makoki, ba a tsammanin ta leƙa ko ƙofar gida, shi ya sa ba wanda ya kawo ta a rai, har ni. Silifan na ƙafarta.

Ba ta dube mu ba, Ubale ta duba.

"Da ba ka zuwa?"

"Da ba ni zuwa."

Ta juya ta nufi rumbun da ke bayan ɗakinta, muka bi ta. Tun kafin mu kai na ji wani ɗan kuka, tsit, tsit, tsit, kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa.

"Tun ɗazu yake yi," ta ce. "Na ba shi iska, bai daina ba."

Mas'udu ya ce, "Innalillahi." Inbata ce ke kukan ƙarewar batir.

A cikin rumbun ta shimfiɗa wa injin sabon zane a kan damin gero, ta rufe shi da wani. Ɗanlahadi da Abdulganiyu suka sauko da kayan tare, a hankali, Mas'udu yana riƙe da igiyar yana ta cewa a bi sannu. Aka ajiye a kan tabarma. Ƙaramar fitila ja tana ci, ga wani ɗan gilashi mai rubutu kore.

"Minti nawa?" na ce.

"Goma. Sha biyar in Allah ya so," in ji Mas'udu.

Abdulganiyu ya riga ya tayar da babur. "In muka tashi yanzu-yanzu, Mas'udu ka rungume inji, Ɗanlahadi shi rungume batir a bayanka, ina iya kai mu shagona wurin janareta. Ban ce lallai ba. Amma ina iyawa."

Mas'udu ya sa hannu biyu ƙarƙashin injin zai ɗaga.

"Yaro," in ji Kulu. "Ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Na ji tsoro in ɓata. Ta ina yake magana?"

Ranar da aka ɗauki bugun, ita ta koro jakin da ya kai gangar gari, amma a waje ta zauna. Ba ta taɓa jin abin da ke ciki ba. Ta fita daga makoki, ta ɓalle ƙofar mutane, ta yi tafiyar sa'a biyu da hannu a kan igiya, kuma ba ta ji ko bugu ɗaya ba.

Mas'udu ya tsaya a sunkuye, hannunsa a ƙarƙashin injin. Babur yana ta ƙugi. Shekara biyu ya bi tsohon nan, kwana goma yana gadin fitila. Zaɓin nasa ne, ba aikina ba ne. Nawa aikin ya ƙare tun a bakin rumbu.

Ya zare hannunsa. Ya ɗauki lasifikar kunnen, ya kakkaɓe ƙaiƙayin da ya maƙale mata, ya ɗora wa Kulu a kan kallabi.

"Abdul, kashe babur ɗin," ya ce.

Ya danna maɓalli ɗaya. Kulu ta zabura har ta dafa ƙasa. Ya danna na biyu, na uku, sannan ya fara haɗa su da yatsu, yadda yake yi wa mawaƙansa. Ta saurara kaɗan, ta yamutsa fuska.

"Ba haka yake yi ba."

Ta ture hannunsa. Ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, tana jin kowane, tana gyaɗa kai kamar mai ƙirga awakinta da yamma. Ta koma kan guda huɗu ta zauna a kansu. Da farko a hargitse, daga baya ya daidaita.

Mu ba mu ji komai ba. Lasifikar a kunnenta take. Abin da ya iso mana sai ƙaf-ƙaf ɗin yatsa a kan roba da kukan inbata. Ubale ya juya mana baya, amma na ga yana kallon hannunta ta gefen ido.

"Takenta ne," ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Wanda yake yi mata a gayya tun tana budurwa. Kunyar noma huɗu take gaban maza in ya buga shi."

Kafaɗunta suka fara sauka suna tashi, dama, hagu, yadda mai fartanya ke yi. Bakinta yana motsi. Ɗanlahadi ya rufe fuska da hula. Ni dai na tsaya na riƙe sandata, kuma ba zan ɓoye ba, tausayi ya kama ni irin wanda na daɗe ban ji ba, har na ji haushin kaina da na iya bin sawu.

Ban san minti nawa aka yi ba. Kukan inbata ya ja dogo guda ɗaya ya tsaya. Rubutun kore ya ɓace, fitilar ta mutu.

Kulu ta ƙara dannawa sau uku ko huɗu. Sannan ta cire lasifikar da hannu biyu, ta riƙe ta a cinya.

"In rana ta fito gobe, aka mai da shi wurin igiyarsa, zai dawo?"

"A'a, Inna," in ji Mas'udu.

Ta gyaɗa kai. Ta dubi rumbun, ta dubi jakin, ta dubi Ubale da har yanzu bai juyo ba.

"Da na bar shi can," ta ce, "da shina nan?"

Audi ya dube ni. Ni ake kira in faɗi wanda ya yi, kuma ban taɓa jin nauyin faɗa ba. Na dubi ƙasa.

Mas'udu ya karɓi lasifikar daga hannunta, ya naɗe igiyarta a hankali.

"A'a, Inna. Tsohon inji ne, dama yau zai mutu. Gara da kika kawo shi gida."

Ƙarya ya yi, kuma duk wanda ke tsaye a wurin ya san ƙarya ce. Kulu ta dube shi. Sannan ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta, ta ce wa ɗanta ya ɗora wa jaki mangala ya mayar wa yaron nan da kayansa, kuma gobe ya je da katako ya gyara masa ƙofa.